Azumin Ba Modu a Ɗakin Gwaji

Na sauka ƙasar Holan da jaka ɗaya, da rigar sanyin da na saya a gwanjo a Maiduguri, da adireshin ɗakin da babu shi a duniya. Wani ɗan ƙasarmu da muka haɗu a intanet ne ya kama mini ɗakin, ya turo hotuna har da labule da tukunyar fure a taga, ni kuwa na tura masa kuɗin haya tun ina gida. Da na isa layin sai na tarar lambar gidan ta wani shagon gyaran keke ce. Mai shagon ya duba adireshin, ya dube ni, ya ce ba ni ne na farko ba. Ya ba ni kofi mai ɗacin tsiya, ya bar ni na zauna a cikin ɗumi har yamma. Lambar ɗan ƙasarmu kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Ni ne fa na zo digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, wai in koyi yadda ake juya tunanin mutane, ga shi tun ban taka aji ba wani ya juya nawa da hoton labule. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Jami'a ta ba ni gado na wucin gadi a ɗakin baƙi, da sharaɗin in nemi wuri kafin wata ya ƙare. A cikin kwanakin nan ne na shiga shagon wani mutumin Maroko mai sayar da naman halal. Ba ni da halin nama, ƙanshin kayan yaji kawai ya ja ni. Ina tsaye waya ta shigo, mahaifiyata ce daga Gwange, unguwarmu a Maiduguri. Na koma gefe ina amsa mata da Kanuri, ina yi mata irin ƙaryar da kowane ɗa yake yi daga nesa: ɗakina lafiya, mutanen kirki ne, ina cin abinci sosai. Ina kashe wayar sai na ji an ce "Wushe!" a bayana, gaisuwarmu ta gida. Na juya, ga wani dattijo gajere kakkaura, da hular Barno a kansa da rigar ma'aikata mai ruwan lemo a kan jamfa.

Ya ce, "Ɗan waye kai a Yerwa?" Haka mu 'yan gari muke kiran Maiduguri.

Na gaya masa sunan mahaifina, mai wankin hula a Gwange, na ce ni sunana Kyari.

Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ce, "Na ji kana gaya wa tsohuwa kana cin abinci sosai. Wuyanka bai ce haka ba. Ɗauko jakarka."

Wannan shi ne Ba Modu, wato Baba Modu a bakin Kanuri, mutumin unguwar Umarari a garinmu. Ya bar gida tun kafin a haife ni, ya bi ta Libiya, ya yi zaman wahala iri-iri, har ya samu takardu da aiki a wani babban sito na kayan lambu, inda yake jera kwalaye a ɗakin sanyi. Matarsa Hajja Yagana ta kwashe keken ɗinkinta daga ƙaramin ɗaki ta shimfiɗa mini katifa. A ranar na ci burabisko da miyar kuka har na ji kunyar kaina, shi kuwa yana ta ƙara mini yana cewa ci ɗana, kada a ce a gidan Modu ka ƙarasa ramewa. Ba su da kowa a gaba sai 'ya ɗaya da ta yi aure a wani gari. Cikin 'yan makonni na zama ɗan gida, ana aikena, ana yi mini faɗa in na daɗe a waje. A duk faɗin ƙasar nan ba ni da wani wurin da zan shiga ba tare da na ƙwanƙwasa ba sai nan.

A jami'a kuwa wani mutum ne ni dabam. Lokacin sunan garinmu ya shiga bakin duniya, kullum labarai sai bom, sai harbi, sai gawa. Duk wanda ya tambaye ni daga ina nake, sai in ce Najeriya. In ya matsa, in ce arewa. In ya ƙara matsawa, in ce kusa da Chadi, in canza magana. Garin da aka binne cibiyata, garin da nake kwana ina mafarkin inuwar dalbejiyarsa, shi ne na kasa ambata a gaban yara masu shan madara a kwali. Duk ranar da na yi haka sai in dawo gida in kasa haɗa ido da Ba Modu, shi da ko a wurin direban bas sai ya san yadda ya yi ya sako Yerwa a zance.

Sashenmu yana bincike ne a kan maida hankali da kamun kai. Akwai wani gwaji da kowane sabon ɗalibi yake fara yi a kan kansa. Lambobi suna wucewa a allon kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fito ka danna maɓalli, in banda lamba uku, ita in ta fito ka riƙe yatsanka. Da jin sa wasan yara ne. Amma in an daɗe, hankali ya tafi yawo, sai yatsa ya riga ka. Ni ne na fi kowa kuskure a ajinmu. Ɗakin gwajin yana kusa da wata ƙofa mai nauyi, duk sanda aka sake ta ta buga sai in zabura, in manta da allo, kunnena ya tafi neman inda ƙarar ta fito da ko akwai ta biyu. Wanda ya zauna a Gwange a shekarun nan ya san wannan sauraron. Marike, ɗalibar digiri na uku da aka haɗa ni aiki da ita, ta tambaye ni ko ba na samun barci ne. Na ce eh, barci ne.

Ranar jajiberin sabuwar shekara abin ya ƙara tona mini asiri. Ban san yaran ƙasar suna fara wasan wuta tun da rana ba. Ina fitowa daga kanti wani abu ya fashe a bayana, ban san lokacin da na kwanta rub da ciki a kan dandamali ba, hannuwana a ka, lemon da na sayo yana gangarawa kwata. Wata tsohuwa ta tsaya ta tsince mini shi ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a leda, ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Har yau ina gode mata da wannan shirun.

Da bazara ta shigo aka katse layukan waya a Maiduguri. Na shiga kiran lambar mahaifiyata safe da yamma, na san ba za ta shiga ba, amma yatsana ba ya haƙura. Ba Modu ne ya riƙe ni a watannin nan. In ya ga na yi zugum sai ya fara labarin yadda yake tura amalanke a babbar kasuwa da azumi a bakinsa cikin zafin da yake narka kwalta, ko ya kama tsokanata har sai na yi dariya. A haka azumi ya same mu, azumin da rana take ƙin faɗuwa, a sha ruwa gari da haske kamar la'asar. Masallacinmu tsohon gareji ne da 'yan Afirka ta Yamma suka haɗu suka gyara. Ba Modu ba liman ba ne, amma shi ne gishirin wurin. Shi yake raba dabino, shi yake buga wa samari waya su tashi sahur, shi yake yi musu tsiya in ya ga sun langwaɓe. "Ku dube su," in ji shi, "azumi a cikin firji ma ya gagare su. Da a Yerwa ne da tuni an kwashe ku a baro." Yara da manya, in dai zancen juriya ake, da shi ake misali.

A daidai lokacin ne Farfesarmu ta kawo wata shawara a taron sashe. Masana suna jayayya, in ji ta, ko kamun kai yana gajiya in an daɗe ana amfani da shi, ko kuwa sabo yana ƙara masa ƙarfi. Masu azumi za su iya ba da haske. Tana so a yi ɗan gwajin share fage: mutum ya yi aikin lambobin nan har ya gaji, sannan a ce ya huta, a bar shi shi kaɗai a ɗaki da faranti na biskit da kofin lemo a kan tebur, kamar an ajiye wa kowane baƙo ne. Ba wanda yake tsammanin mai azumi zai ci. Abin da ake so a ƙirga shi ne sau nawa idonsa zai koma kan farantin. Bangon ɗakin akwai wani madubi, daga ciki fuskarka kake gani, daga ɗakin baya kuwa ana ganinka tar.

Wani ɗalibi ya ce ai sakamakon a fili yake, yunwa yunwa ce, mai addini da mara addini duk idonsu zai manne a faranti. Bai faɗa da mugun nufi ba. Amma ni da na yi wata da watanni ina haɗiye sunan garinmu, sai na ji wani abu ya taso mini. Na ɗaga hannu na ce, "A Maiduguri, garinmu, akwai dattawan da za ku ajiye musu rago gasasshe ko ɗaga kai ba za su yi ba. Akwai ɗaya a nan garin. Zan kawo muku shi." Karo na farko ke nan da na ambaci Maiduguri a ɗakin nan, kuma da cika baki na ambace ta. Farfesa ta taɓa koya mana cewa in mutum ya faɗi magana a gaban jama'a sai ya ƙara yarda da ita fiye da kafin ya faɗa. Na rubuta wannan a aji har na ja masa layi, ban san da ni ake ba. Kafin in isa gida na gama tabbatar wa kaina Ba Modu zai wanke ni, ya wanke garinmu gaba ɗaya.

Bayan an sha ruwa na ce, "Baba, ina neman alfarma." Na yi masa bayanin aikin kwamfuta, na bar zancen hutu da madubi, don ƙa'idar aikin ke nan, in mutum ya sani gwajin ya lalace.

Ya ce, "Wane lokaci?"

Na ce da rana tsaka.

Ya ce, "Ba za a yi da safe ba? Ko da yamma, in na tashi aiki?"

"Farfesa ta fi son lokacin da azumi ya fara kama jiki, Baba. Kuma na riga na gaya musu a gaban kowa babu kamarka."

Hajja tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta dube shi, shi kuwa bai dube ta ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "To, tunda ka riga ka kai sunana gaban Turawa. Allah ya kai mu." A wurinmu dattijo ba ya ba wa ɗansa kunya a gaban baƙi, ni ma na san haka, da shi na dogara.

Ranar ya zo cikin babbar riga fara, da hularsa ta zuwa Idi, ƙanshin turare yana riga shi shiga ko'ina. Ya nemi izini a wurin aiki, ya tako daga tashar bas a ƙafa. Ya gaisa da Marike hannu bibbiyu a ƙirji, ya zauna gaban kwamfuta yana danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa. Na lura yana gumi duk da sanyin ɗakin, na ce babbar riga ce. Da ya gama Marike ta ce ya huta, za mu je mu dawo. Muka fita, muka zaga ɗakin baya. Ta ba ni ɗan abin ƙirga a hannu, duk sanda idonsa ya je kan faranti in danna.

Da farko komai ya tafi yadda nake so. Ya ciro carbi, ya sunkuyar da kai, ko inda tebur yake bai kalla ba. Na dubi Marike ina murmushi kamar ni na haife shi. Can sai carbin ya faɗi ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka, na ga hannunsa yana rawa, rawa sosai, har ya kasa kama shi. Ya share goshi da hannun riga. Ya dafe tebur ya miƙe da ƙyar, ya je ya kasa kunne a jikin ƙofa. Sannan ya tako har gaban madubin, ya tsaya yana duba fuskarsa, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba. Leɓunansa sun yi fari.

Marike ta yi raɗa ta ce, "Mutumin nan ba shi da lafiya. Haka kakana yake yi in sugansa ya faɗi." Ta yunƙura za ta fita, na riƙe hannun rigarta na ce kada ta shiga.

Ya koma wurin tebur. Na ga bakinsa ya motsa da bisimilla. Ya ɗauki biskit ya tura a baki, ya ƙara wani, ya ƙara wani, da sauri, yana waiwayen ƙofa kamar yaron da ya shiga ɗakin uwarsa. Ya ɗaga kofin lemo da hannu biyu ya kurɓa. Ya zauna ya rufe ido har rawar ta lafa. Daga nan ya shiga gyara. Ya tsince ɓurɓushi daga gemunsa da gaban rigarsa ya zuba a aljihu. Ya goge bakin kofin da gefen babbar riga. Sannan ya ja farantin, ya shiga jera sauran biskit ɗin a hankali, yana ba su tazara, yana karkata kai yana dubawa, don kada a ga gurbin waɗanda ya ci. Wannan jerin ne ya kashe ni. A gidanmu in mayafin babba ya zame, kai ne za ka kau da kai, kai ne kuma za ka ji kunyar. Na san ya kamata in juya baya tun daga faɗuwar carbi, amma idona ya ƙi barin gilashin. Abin ƙirgan yana hannuna ko sau ɗaya ban danna ba.

Na ce wa Marike, "Don Allah kada ki gaya masa mun gani."

Ta ce ba zai yiwu ba. Ƙa'ida ce da ba a tsallakewa: duk wanda aka ɓoye wa wani abu a gwaji, kafin ya bar ginin sai an zaunar da shi an gaya masa gaskiya, an nuna masa inda aka kalle shi, ya zaɓa ko a yi amfani da abin da aka gani ko a goge. Ta ce haƙƙinsa ne, barin sa cikin duhu shi ne raini. Na ce a wurinmu rufa masa asiri shi ne girmamawa. Muka tsaya muna kallon juna, ita ta ga ina neman cutar dattijo, ni na ga tana neman kashe shi da ransa. Daga ƙarshe na ce to ta yi magana da Turanci ni in fassara. A raina na riga na shirya abin da zan faɗa.

Muka shiga. Ba Modu ya tarbe mu da fara'a, har yana cewa kwamfutarku ta fi azumi wahala. Marike ta zauna ta yi bayani tiryan-tiryan, ni kuma na juya na ce masa da Kanuri, "Ta ce an gama, ka yi ƙoƙari, sun gode ƙwarai."

Ya ce, "Maganarta ta fi haka tsawo, ɗana."

Marike ta ga fuskarsa ba ta canza ba, ta gane ban isar ba. Sai kawai ta koma yi masa magana da harshen ƙasar. Ni a wautata na manta mutumin nan ya yi shekaru yana ciniki da faɗa da zolaya da wannan harshe a sito, ya fi ni jin sa nesa ba kusa ba. Ta yi magana a hankali, da ladabi, ta nuna madubin, ta tambaye shi ko yana da ciwon suga, ko a kira likita. Sannan ta buɗe masa ƙofar ɗakin baya. Ya tashi ya shiga. Kujeru biyu ne a ciki, jakata tana rataye a ɗaya. Ya tsaya a inda na tsaya, yana kallon farantin da ya jera ta cikin gilashi. Ya daɗe a haka.

Bai juyo ba ya ce, "Kai ma kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Tun daga farko?"

"Tun daga farko."

Ya gyaɗa kai. Ya gode wa Marike, ya ce a goge, ba ya bukatar likita. Na bi shi zan raka shi tasha, ya ce in koma bakin aikina. Na tsaya a ƙofar gini ina kallon farar rigarsa har ya sha kwana, ina ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Da na koma ciki Marike ta ce ko bai nemi a goge ba ma ba za a iya amfani da nasa ba, tunda ba ya cikin masu azumi. Wato duk abin nan an yi shi ne a banza.

Da yamma ya zo masallaci kamar kullum, ya raba dabino, ya ajiye mini nawa a tafin hannu idonsa yana wani wuri. Bai tsokani kowa ba. A gida bai yi mini faɗa ba, bai kore ni ba, da ma ya yi. Sai ya koma kirana Malam Kyari, yana yi mini sannu da zuwa kamar baƙon da ya kwana biyu. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba, ba kuma zan taɓa gaya wa mutanen masallaci ba, amma shi ina zai sani? Duk sanda wani saurayi ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa, sai in ga Ba Modu ya daina abin da yake yi.

Ba a jima ba na gane wani abu ya sauya. Ya fara dawowa aiki yana jan ƙafa, idanu sun faɗa. Ina jin muryar Hajja a ɗakinsu tana roƙo, tasa tana yankewa. Ashe azumin ya ɗauka da gaske. Na rasa yadda zan yi, domin duk maganar da zan yi masa sai ta bi ta kan abin da na gani. Wata rana dai na yi ta maza, muna hanyar masallaci na ce, "Baba, ai Allah ya yi wa mara lafiya rangwame."

Ya tsaya cak. "Wa ya ce maka ba ni da lafiya, Malam Kyari?"

Muka ƙarasa masallaci yana gaba ina baya.

Ana cikin goman tsakiya Hajja ta kira ni ina aji, ta ce ya faɗi a ɗakin sanyi, abokan aikinsa sun same shi a tsakanin kwalaye, motar asibiti ta tafi da shi. Na same ta a barandar asibiti ta ƙudundune cikin lafaya. A nan ta gaya mini komai. Tun bara likita ya hana shi azumi. Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har 'yarsu. Yana ciyarwa a ɓoye a madadin kowace rana. Kullum tana ƙulle masa ɗan abinci a aljihun rigar aiki, da rana tsaka ya shige bayan kwalaye ya ci ya sha magani, ba wanda ya taɓa gani.

Ta ce, "Ranar da ka kira shi ɗin nan, lokacin cin nasa ne daidai. Na ce ya gaya maka ba zai samu zuwa ba, ya ce da wane dalili? Na sa masa dabino a aljihu, ya fitar, wai kada ya faɗo a gaban mutane ya ba ka kunya." Ta share ido da bakin lafaya. "Tun da ya dawo ya ce shi da ya sake cin abinci da rana gara ya mutu. Kyari, tsakaninka da Allah, me kuka yi masa a can?"

Duk karatun da na yi a kan yadda hankalin mutum yake aiki, ban samu kalma ɗaya da zan ba matar nan ba.

Sai washegari da hantsi aka bar mu muka shiga. Yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, babu hula, kansa duk furfura, ban taɓa ganin sa ba hula ba. Na gaishe shi daga bakin gado, ya amsa yana kallon silin. Likita ta zo ta yi masa magana ba wasa, ta ce saura kaɗan da ba a same shi da rai ba, in ya sake ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Tana fita nas ta turo abinci, miya a kwano da burodi da ɗan gwangwanin nono mai murfi, ta ce za ta dawo ta ga kwano wayam.

Hajja ta miƙe ta ja labule ta fita don ta ba shi wuri. Na miƙe zan bi ta.

"Kyari."

Na tsaya, hannuna a kan labule.

"Ina za ka? Zauna. Kai ai ka saba kallo."

Na dawo na zauna, hawaye suna zuba a gaban rigata, ban iya share su ba. Ya jawo gwangwanin nonon, ya yi ta fama da murfin da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaure da robar ruwa. Ya gwada da haƙori, ya ƙi. Sannan ya turo mini shi a kan bargo, har yanzu bai dube ni ba.

"Buɗe mini."

Na buɗe, na sa cokali a ciki, na miƙa masa da hannu biyu. Na ji ya yi bisimilla a fili. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana, da azumi a bakina, ina jin ƙarar cokali har ya cinye.